Doka Ta Takwas A Bakin Filin Ƙwallo



Ƙasarmu ta Kabi ƙasar masu ƙarfin jiki ce. Tun daga shekarar 1934 ake taruwa a Argungu domin bikin kamun kifi a Matan Fada, ana kokawa, ana dambe, ana tseren kwalekwale. A Birnin Kebbi kuma samari sukan cika filin wasa na Haliru Abdu. Duk wannan abin godiya ne, gama jiki baiwar Allah ce. Amma akwai wani zunubi da yake bin 'ya'yanmu har bakin fili, zunubin harshe.

Ku duba abin da ke faruwa a unguwanninmu. Yarinya ta iya ƙwallo, ta aske kanta saboda zafi, ta sa gajeren wando domin gudu. Kafin mako ya zagayo an fara raɗa cewa ta zama namiji, daga nan sai a ce 'yar maɗigo ce. Yaro kuma in ya ƙi dambe, ya fi son ƙungiyar mawaƙa, sai a kira shi ɗan daudu. Wa ya gani? Babu. Aski da tafiya da murya su ne dukan shaidar.

Wannan cuta ba ta bar manya ba. A shekarar 2011, ana shirin gasar kofin duniya ta mata a Jamus, zancen maɗigo a ƙungiyar Super Falcons ya cika jaridu har ya danne zancen wasa. Alhali kuwa ƙungiyar nan ce ta ci kofin Afirka karo na 10 a Rabat a shekarar 2025, bayan Maroko ta riga ta zura mata ƙwallo 2. Chioma Ajunwa, wadda ta je gasar kofin duniya ta 1991 da ƙungiyar, ita ce ta kawo wa Nijeriya lambar zinariya a dogon tsalle a Atlanta a 1996. Da iyayenta sun saurari masu raɗa, da ƙasa ta yi hasara.

Doka ta takwas ta hana shaidar zur. Katekisma ta Ikilisiyar Katolika, wadda Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya fitar a 1992, ta rarrabe laifi uku a ƙarƙashinta: yanke wa mutum hukunci a zuci ba tare da hujja ba, tona laifinsa ga wanda ba ruwansa, da ƙaga masa abin da bai yi ba. Mai raɗa a bakin fili yakan fara da na farko ya ƙare da na uku. Ku tuna da Susana a Littafin Daniyel, sura 13. Dattawa biyu masu daraja suka yi mata ƙazafi, jama'a suka gaskata saboda furfurarsu, har aka nufi wurin kisa da ita. Sai da Daniyel ya tambaye su ɗaya bayan ɗaya ƙaryar ta fito fili.

A wurinmu maganar nan ba wasa ba ce. Tun da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi ɗaya a Janairun 2014, irin wannan zargi yana iya kai mutum gaban hukuma, yana iya tara masa 'yan sanduna a ƙofar gida. Yana iya fasa baiko, ya raba yarinya da makaranta. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa.

Wani zai ce, to Fada, in gaskiya ne fa? Koyarwar Ikilisiya a kan aure da tsabtar rai tana nan yadda take. Katekisma ɗin nan dai, a sashe na 2358, ta umarce mu mu karɓi masu irin wannan hali da girmamawa da tausayi, ta kuma hana a zalunce su. Saboda haka ko ta wace fuska, ba ka da izinin jifa.

Ga abin da nake roƙo. Iyaye, kada ku cire 'yarku daga wasa don tsoron bakin mutane. Ku san mai koyar da ita, ku raka ta fili. Zumuntar Mata, in raɗa ta iso gare ku, a wurinku za ta mutu. Matasa, kada ku tura hoton kowa a waya da kalmar ba'a. Wanda kuma ya riga ya ɓata sunan wani, zuwa wurin Fada shi kaɗai bai isa ba. Sai ya koma wurin waɗanda ya gaya wa, ya janye maganarsa, gama suna kamar dukiyar sata ne, dole a mayar wa mai shi.

Ubangiji ya tsare bakunanmu, ya albarkaci 'ya'yanmu maza da mata. Amin.