Shiru Shi Ne Salama?

Mu dubi abin da aka yi wa mutanen Ailan da sunan zaman lafiya. Wajen 1596, Edmund Spenser, mawaƙin Ingila, ya ba da shawara a hore 'yan tawayensu da yunwa. Daga 1609 Sarki Jems na Ɗaya ya raba filayen Ulster ga baƙi daga Ingila da Sikotlan, Katolika da yawa suka koma 'yan haya a gonakin kakanninsu. Masu mulki suka ce ƙasa ta lafa. To, wanda yunwa ta rufe wa baki, ya yarda ke nan? Mu dai ba mu kira wannan salama ba. A 1641 Ulster ta yi bore, jinin baƙi da na 'yan ƙasa ya kwarara.