Hukuncin riƙon kare domin jinya, da karɓar dabbar da mai ita zai bari

Tambaya: Malam, an yi wa maƙwabcinmu a Gwarimpa canjin wurin aiki, zai bar Abuja, ya roƙe mu mu karɓi kyanwarsa da karensa. Ina da yaro mai lalurar galahanga, likitansa kuma ya ce horarren kare na iya taimaka masa ya natsu. Shin ya halatta?

Amsa: Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Allah Ya ba yaron lafiya, 'yar'uwa. Batun kyanwa babu ja a kansa. Hadisin Abu Ƙatada a Muwaɗɗa ya tabbatar da tsarkinta, kuma matar da aka ruwaito an azabtar saboda kyanwa, ɗaure ta ta yi, ta hana ta abinci har ta mutu. Ki karɓe ta, ladan ciyarwa naki ne.

Kare ne ke buƙatar bayani. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya riƙe kare ba don farauta, kiwo ko gona ba, ladansa yana raguwa kullum, ƙiraɗi ɗaya a wata ruwaya, biyu a wata. Abin dubawa shi ne ko ukun nan iyaka ne ko misali. Abin da ya haɗa su buƙata ce ta gaske, shi ya sa Ibn Abdil Barr ya halatta riƙonsa domin jawo amfani ko tunkuɗe cuta, Nawawi kuma ya inganta ƙiyasin gadin gida a kansu. Masu sharhin Risala sun kawo cewa Ibn Abi Zaid da kansa ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi, da aka tuna masa ra'ayin Malik na ƙin hakan sai ya nuna cewa zamani ne ya canza. To idan an yi rangwame domin tsaron tumaki da hatsi, lafiyar ɗan Adam da hankalinsa sun fi cancanta, ko makaho ne da kare ke yi wa jagora, ko yaro irin naki. Aya ta 4 ta Suratul Ma'ida ma ta halatta abin da horarren kare ya kamo.

Wani zai ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Hadisin ingantacce ne. Khaɗɗabi ya fassara shi da karen da ba a yi izinin riƙonsa ba, Nawawi ya bar shi a kan kowane kare. Tunda manya sun saɓa, a yi wa karen wuri a tsakar gida ko bayan ɗaki, yaron ya je gare shi, a nisanta karen da wurin salla da ɗakin kwana gwargwadon iko. Wani kuma zai kawo najasa. A mazhabar Malik, wadda mafi yawanmu muke kai, kare mai rai tsarkakakke ne har yawunsa, wanke ƙwaryar da ya sa baki a ciki sau 7 kuwa bin umarni ne kawai. Shafi'iyya ne suka tsananta. Sukar da ta fi ƙarfi a ganina ita ce a fake da sunan jinya alhali sha'awa ce da kwaikwayo, kamar yadda ake gani a wasu rukunin gidaje na Abuja, inda kare ya zama abin ado. Saboda haka sharaɗi ne amintaccen likita ya tabbatar da buƙatar, karen kuma ya zama horarre. Karen maƙwabcinki ba ya zama na jinya don kawai yana da lafiyar hali. In bai samu horo ba, sai dai ki riƙe shi domin gadi idan gidan na buƙata.

In babu ɗayan biyun, kada ki karɓa, amma ki taya mai shi neman makiyayi, manomi ko mai gidan da ke buƙatarsa, kuma kyauta ta fi, domin an yi hani ga cin kuɗin kare, ko da yake Sahnun ya halatta sayar da wanda aka yi izini da shi. Sakinsa a titi ya yi ta yawon bola zalunci ne gare shi, haɗari ne ga yaran unguwa. Duk wanda ya karɓa, ci da sha da inuwa sun hau kansa, haka allurar rigakafin haukan kare a wurin likitan dabbobi, tunda cutar kusan ba ta barin wanda alamunta suka bayyana a jikinsa. Allah ne Mafi sani.