Katin Asibiti a Aljihu, Bangaskiya a Zuciya

Karatu: Ishaya 38:1-8, 21, Luka 10:30-37

Akwai tambayar da 'yan'uwa da yawa suke ɗauke da ita a zuci amma suna jin nauyin furta ta a majami'a: idan na gaskata Yesu mai warkarwa ne, me ya sa zan riƙa biyan kuɗin inshorar lafiya tun ina lafiya lau? Ba kamar ina gayyatar cuta ba ne? Kuma idan bawan Allah ya ɗora mini hannu, na karɓi warkarwata, ci gaba da haɗiyar ƙwaya ba shakka ba ce?

Kada ka ɗauki wannan ƙaramar magana. Na taɓa zuwa dubiya wurin wata uwa a zumuntar mata wadda ta daɗe tana shan maganin hawan jini. Bayan wani taron farkawa ta ji jikinta sakayau, ta ba da shaida, ta ajiye magani. Ba a yi wata biyu ba sai ɓarin jikinta ya shanye. Da na zauna bakin gadonta, cikin hawaye ta ce mini, "Baba Fasto, tsoro na ji kada Allah ya ga kamar ban yarda da shi ba." Ba rashin ƙaunar Allah ne ya kwantar da ita ba. Rashin koyarwa ne, mu masu wa'azi kuwa muna da namu kason a laifin.

Mu fara da gaskiyar da ba mu ja da baya a kanta: Allah yana warkarwa har yau. Mun ga haka da idonmu, za mu kuma ci gaba da shafa wa marasa lafiya mai cikin sunan Ubangiji kamar yadda Yaƙub 5 ya koyar. Abin dubawa shi ne, ko Allah ya taɓa ɗaukar magani abokin gābarsa.

Duba sarki Hezekiya. Ya kwanta ciwon ajali, ya juya fuskarsa ga bango ya yi kuka, Allah kuwa ya ƙara masa shekara 15. Alkawarin ya fito daga bakin annabi Ishaya. Amma annabin nan ɗaya shi ne ya sa a kawo curin ɓaure a manna a kan marurun. Ishaya bai ga saɓani tsakanin maganar Allah da ɓauren ba. Bulus, wanda Allah ya yi manyan al'ajibai ta hannunsa, ya kira Luka ƙaunataccen likita a Kolosiyawa 4, ya kuma ba Timoti shawarar abin da zai riƙa sha domin ciwon cikinsa. Da Yesu ya warkar da kutare goma, sai ya aike su wurin firistoci, waɗanda su ne masu duba fata su tabbatar a wancan zamani. Warkarwar gaske ba ta tsoron a duba ta.

Za ka ce, to, sarki Asa fa, da 2 Tarihi 16 ya zarge shi a kan zuwa wurin masu magani? Karanta da kyau. Laifinsa shi ne bai nemi Ubangiji ba ko kaɗan. Ya sa likita a gurbin Allah. Wannan haɗari yana nan har yau, kuma yana iya kama mai katin inshora kamar yadda yake kama mai kuɗi. Amma kishiyarsa ma zunubi ce. Sa'ad da Iblis ya ce wa Yesu ya diro daga ƙwanƙolin Haikali tun da mala'iku za su tare shi, har da nassi ya kawo. Ubangiji ya ƙi, domin wannan gwada Allah ne. Mai ciwon suga da ya zubar da allurarsa don ya nuna ƙarfin bangaskiyarsa, yana tsaye ne a ƙwanƙolin nan.

Saboda haka, idan ka gaskata ka warke, yi godiya, sa'an nan ka koma wurin likitanka. Bari a auna jinin, a gwada sugan. Idan Allah ya gama aikin, takardar gwaji za ta zama shaidarka, likita da kansa zai rage maganin ko ya tsayar da shi. Hawan jini ciwo ne mai ɓoye kansa. Mutum yana iya jin garau alhali jijiyoyinsa suna shan wuya.

Yanzu ga batun kuɗi. Yesu ya hana mu damuwa a kan gobe, gaskiya ne. Amma damuwa daban, tanadi daban. Damuwa tana hana barci, ba ta ƙara ko ƙwayar gero ɗaya a rumbu. Yusufu kuwa, bisa hikimar da Allah ya ba shi, ya tara kashi ɗaya cikin biyar na amfanin gonar Masar shekara bakwai. Ba tanadinsa ne ya kira yunwa ba. Tanadinsa ne ya ceci gidan mahaifinsa daga cikinta. Haka nan katin asibiti ba ya kiran cuta, kamar yadda gyaran rufin ɗaki a watan Mayu ba shi ne yake kawo damina ba.

Ka san halin da muke ciki. A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na abin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun mutane yake fita kai tsaye. Tun daga 2023, da aka janye tallafin man fetur, darajar naira ta faɗi, kamfanin GSK kuma ya ba da sanarwar rufe harkokinsa a ƙasar, farashin magunguna da yawa ya yi tashin gwauron zabo. Ɗan kabu-kabu ya kwana uku a Asibitin Kwararru ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, sai ka ji an sayar da babur. Matar nan ta Markus 5, wadda ta ƙarar da dukiyarta a hannun likitoci cikin shekara 12, tana da 'yan'uwa da yawa a Mabera da Arkilla da Runjin Sambo.

Inshorar lafiya ba wani abin tsoro ba ce. Mutane da yawa ne suke zuba kaɗan-kaɗan a asusu ɗaya, wanda ciwo ya kama a yi masa magani daga ciki. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar da ta kafa hukumar NHIA a madadin NHIS, dokar kuma ta mai da inshorar lafiya wajibi ga mazauna ƙasar. A tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya, katin yana ɗaukar ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, mai kati kuma yana biyan kashi 10 cikin 100 na kuɗin magani. Wato maganin naira 20,000, naira 2,000 za ka biya. A nan Sakkwato muna da hukumar SOCHEMA, wadda take kula da tsarin taimakekeniya na jiha. Ka je da ƙafarka ka tambaya wane tsari ya dace da kai, nawa ake biya, me ya ƙunsa, me bai ƙunsa ba.

Wani zai ce, "Na biya shekara guda cur ban je asibiti ko sau ɗaya ba, kuɗina ya tafi a banza." Ɗan'uwa, shekarar da ba ka kwanta ba ai ita ce abin godiya. Kuɗinka kuwa ya karɓi haihuwar wata mata da ba ka sani ba, ya sayi wa wani yaro maganin zazzaɓi. Galatiyawa 6 ya umarce mu mu ɗauki nauyin juna. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba zan ɓoye maka ba, tsarin yana da nasa aibi: wani lokaci a ce maganin ya ƙare, wani lokaci a bar ka a layi. Kai ƙara inda ya dace, cikin ladabi, ka nemi haƙƙinka. Amma aibin tsari bai ba mu izinin mu cuce shi ba.

A nan ne gwaji mafi wuya yake. Maƙwabciyarka ba ta da kati, ɗanta yana kwance da zazzaɓi, ta roƙe ka ka kai shi da sunan ɗanka. Zuciyarka za ta ce wannan jinƙai ne. Amma duba abin da ke ciki. Za ka tsaya gaban ma'aikacin asibiti ka yi ƙarya. Za ka ɗebi abin da wasu suka tara ka yi kyauta da shi ba da saninsu ba. Za a kuma rubuta ciwon wani a fayil ɗin ɗanka, har wata rana likita ya yanke shawara bisa bayanin da ba nasa ba. Basamariyen nan bai bi wannan hanya ba. Da mansa da ruwan inabinsa ya wanke raunin, a kan dabbarsa ya ɗora mutumin, daga jakarsa ya ciro dinari biyu, ladan aikin kwana biyu, ya kuma ɗauki alkawarin biyan abin da ya ƙaru. Jinƙan gaske yana taɓa aljihun mai yinsa. Kada ka kori maƙwabciyar nan hannu wofi. Ba ta abin da kake iyawa, ka kawo maganar ga dattawa, ka taimaka a yi wa gidanta rajista. Ikkilisiyar da take iya tara kuɗin lasifika tana iya biya wa gwauraye kaɗan kuɗin kati.

Shi kansa maganin amana ne a hannunka, domin jikinka haikalin Ruhu Mai Tsarki ne. Maganin zazzaɓin cizon sauro da aka fi bayarwa sau shida ake sha cikin kwana uku. Idan ka tsaya a na uku don ka ji sauƙi, ka ɓoye saura domin wata rana, ba tattali ka yi ba. Maganin tarin fuka na wata shida ne, kyauta kuma ake ba da shi a cibiyoyin gwamnati. Yanke maganin kashe ƙwayoyin cuta ko shan sa ba bisa ƙa'ida ba yana taimaka wa ƙwayoyin su daina jin magani. Bincike ya nuna wannan matsala ta kashe mutum kusan miliyan 1.27 a duniya a 2019. Ka ga ke nan, sakacinka yana iya shafar ɗan maƙwabcinka.

Kada ka ba wani ragowar maganinka don ciwonku ya yi kama. Kada ka sayi ƙwaya a tire a bakin tasha, inda ranar Afrilu mai wuce digiri 40 ta gasa ta. Duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Idan abin da aka rubuta ya fi ƙarfinka, kada ka riƙa raba ƙwaya biyu a ɓoye. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Faɗa wa likita gaskiya, ka tambayi mai harhaɗa magani ko akwai irinsa na wani kamfani mai rahusa. Idan kana da ciwon suga ko gyambon ciki, kafin ka shiga dogon azumi ka yi shawara da likita, ka kuma sanar da fastonka. Iyaye, ku sa ido a kan matasa: gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 saboda yadda ya lalata rayuka, tiramadol kuma yana nan yana ɗaure 'ya'yanmu.

A wannan mako, buɗe inda kake ajiye magunguna. Abin da ya lalace ka fitar, abin da ka yanke ka koma ka tambaya. Sa'an nan ka tuna da mutum ɗaya a ikkilisiya wanda ciwo zai iya durƙusar da gidansa, ka roƙi Ubangiji ya nuna maka dinarinka biyu.

Addu'a: Ya Uba, kai ne mai warkar da ni. Ka kiyaye ni daga dogara ga kati ko ƙwaya fiye da kai, ka kuma kiyaye ni daga gwada ka. Ka ba ni gaskiya a gaban likita, aminci a kan maganina, da buɗaɗɗen hannu ga ɗan'uwana. Ka taɓa dukan waɗanda suke kwance a asibitocin Sakkwato yau, ka ƙarfafa masu jinyarsu. Cikin sunan Yesu. Amin.