Waya a hannunka, makulli a hannun wa?

Duk wanda ya taɓa cin kasuwa a ƙasar Adar ya san wannan hoto: manomin albasa daga fadamar Tarka ya tsaya a inuwa cikin garin Madawa, ya ciro salularsa, ya yi kira da layi guda, bai samu ba, sai ya juya ga na biyu. Haka nan tsohuwa a wani ƙauyen Buza za ta miƙa wa jikanta waya don ya buɗe mata saƙon muryar ɗanta da ya tafi bida Abijan ko Kano. Da ganin wannan sai mutum ya ce ƴanci ya samu, tunda ga waya ta kanka, ga kamfanoni suna rige-rigen neman ka. Tambayar da muke son mu yi nazari a kanta ita ce: shin wanda yake zaɓi tsakanin abubuwan da bai san yadda suke ba, ana iya kiran sa mai ƴanci?

Bari mu fara da gasar kamfanoni, domin ita ce kowa ke gani. Kafin shekarar 2001, tarho a Nijar yana hannun kamfanin gwamnati guda, wato Sonitel, kuma talakan karkara sai dai ya ji labarinsa. A 2001 Celtel ya fara aiki, Telecel da SahelCom suka biyo baya, Orange kuma ya shigo a 2008. Amfanin wannan gasa ba ɓoyayye ba ne. Wata masaniyar tattalin arziki ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi kasuwannin hatsi na Nijar daga 2001 zuwa 2006, ta gano cewa zuwan salula ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwa da kasuwa da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Ma'ana, ɗan kasuwa ya daina tafiya a makance, kuma dillali ya rage cin amanar wanda bai san farashin nesa ba.

Sai dai a lura da abin da ya biyo baya. Celtel ya zama Zain a 2008, ya zama Airtel a 2010 bayan da kamfanin Bharti na Indiya ya saye shi. Telecel ya zama Moov, ya koma hannun kamfanin sadarwa na Maroko a 2015. An haɗe Sonitel da SahelCom a 2016 aka sami Niger Telecom. An sayar da Orange a 2019, ya koma Zamani. A duk wannan sauyi, mai waya na Keita ya wayi gari ne kawai ya ga an canza fentin shagon mai sayar da kati. Bugu da ƙari, gasa ba ta wuce inda eriya ta tsaya. Ƙasar Adar tudu ce da kwari, kuma ƙauyen da rezo guda kaɗai ke isa gare shi ba shi da zaɓi, ko da kamfanoni goma ne a Yamai. Lamba ma igiya ce: wanda dangi da abokan ciniki suka haddace lambarsa ba ya son rabuwa da ita ko an ƙuntata masa. A Najeriya, tun watan Afrilu na 2013, mutum na iya sauya kamfani ya tafi da lambarsa, amma mutane nawa ne a karkararmu suka san cewa irin wannan hakki yana yiwuwa, balle su neme shi?

Akwai kuma wani makulli da ya fi wannan ɓuya, shi ne babbar manhajar da ke tafiyar da wayar, wadda in babu ita waya ƙarfe ce da gilashi kawai. Yawancin manyan wayoyin da ke kasuwanninmu, irin su Tecno da Itel da Infinix, da Android suke aiki. Kamfanin Google ya sayi Android a 2005, ya sanar da ita ga duniya a watan Nuwamba na 2007, wayar farko ta fito a 2008. Ana kiran ta buɗaɗɗiya saboda an bayyana asalin rubutun da aka gina ta da shi, kowa na iya dubawa, ya kwafa, ya gyara, ba tare da ya biya ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa masana'antun Sin suka iya ƙera waya mai araha, mai ɗaukar layi biyu, wadda ta dace da aljihun manomi.

Manomin albasa zai fi kowa gane ma'anar wannan, domin ya san bambancin irin da mutum ke ajiyewa daga gonarsa ya raba wa maƙwabta, da irin da sai an koma wurin mai shi kowace shekara. A shekarun 2000, wani kamfanin iri na Senegal ya nemi a yi masa rajistar mallakar irin albasa da sunan jar albasar Galmi, wadda manoman yankin suka gada kaka da kakanni. Da labari ya iso, ƙungiyoyin manoma da hukumomin Nijar suka tashi tsaye, ƙarshe kamfanin ya sauya sunan. Abin da ya ceci sunan Galmi shi ne an sani, kuma an sani da wuri. Da ba a ji ba, da an wayi gari gado ya zama kayan aro, kuma Hausawa sun ce kayan aro ba ya rufe katara.

Ita ma Android buɗewarta rabi ce. Tushen na kowa ne, amma shagon da ake ɗauko manhajoji, da taswira, da akwatin saƙo, duk mallakar Google ne, kuma sai da yardarsa ake saka su. A watan Yuli na 2018 Hukumar Tarayyar Turai ta ci kamfanin tarar da ta haura euro miliyar 4, bisa laifin tilasta wa masu ƙera waya su saka manhajojinsa. A 2019 kuma, da gwamnatin Amurka ta sa wa Huawei takunkumi, sabbin wayoyinsa suka rasa waɗannan manhajoji, duk da girman kamfanin. In haka ta faru ga giwa, ina ga wanda mai gyaran waya ne ya buɗe masa asusu a bakin tasha, bai ma san kalmar sirrinsa ba?

Mai karatu na iya cewa: wannan damuwar masu ƙoshi ce. Wanda ke tunanin damina da cimakar iyali ina ruwansa da rubutun manhaja? Ai mai hawan jaki ba sai ya san adadin haƙarƙarinsa ba. Maganar tana da nauyi, kuma ba muna neman a mai da kowane manomi injiniya ba ne. Amma mai jaki ya san jakin nasa ne, ya san inda zai sayar da shi, ya san wanda zai kai wa ƙara in an sace. Wannan gwargwadon sani shi ne mai waya ya rasa, alhali cikin wayar akwai kuɗinsa, da muryar iyalinsa, da hotunan ƴaƴansa. Tun a 2010, lokacin ƙarancin abinci, an raba tallafin kuɗi ta salula a ƙauyukan jihar Tawa. Abin da ake karɓar abinci da shi ya wuce a kira shi kayan ado.

Saboda haka amsarmu ita ce: yawan zaɓi share fage ne, sani ne yake mai da shi ƴanci. Kamfanin da ya san abokin cinikinsa ba ya iya kwatanta farashi ba shi da dalilin ragewa, don haka jahilcin mai saye yana kashe gasar da kanta. Kuma wanda ya sani ya yi shiru yana da nasa kason alhaki.

Nan ne nauyi ya faɗo kan malaman makaranta da ƙungiyoyin raya al'adu. Aikin raya karkara na Keita, da aka soma a 1984 da tallafin Italiya, ya nuna cewa dabara kan zo daga nesa, amma sai ta shiga hannun mutanen wuri, mata da maza, take zama tasu. Haka ya kamata mu yi da salula. A darasin yaƙi da jahilci, a taron ƙungiya, a gidan rediyon karkara, a koya wa mutane abubuwa kaɗan cikin harshensu: yadda ake lissafin kuɗin kira da na mega tsakanin kamfani da kamfani, cewa akwai hukumar ARCEP da aka ɗora wa sa ido kan kamfanonin sadarwa, cewa kalmar sirri ta mai waya ce shi kaɗai, cewa mutum na iya hana manhaja shiga hotunansa da jerin lambobinsa, cewa ana iya sa wayar ta rubuta ƙ da ɗ da ɓ da ƴ. Ba a buƙatar kuɗi mai yawa don yin wannan, sai dai niyya da haƙuri.

Magabata sun ce saboda rashin sani kaza ta kwana a kan dami da yunwa. Damin yana hannunmu yanzu. Allah ya ba mu ikon kwance shi tare da jama'armu.