Gadon Jini da Hakkin Ma'aurata



Kowane manomi a cikinmu ya san yadda ake ware zangarniya mai kyau a ajiye domin iri. Makiyayi ma ba ya barin kowane bijimi ya yi barbara a garkensa. Kakanninmu sun ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Amma wanda ya fara gano ƙa'idar wannan gado firist ne, Fada Gregor Mendel, na zuhudun Agustin a birnin Brno. Ya yi shekaru yana barbarar da wani irin wake a lambun gidan zuhudu, ya wallafa sakamakon a 1866. Ya ga cewa wata siffa takan ɓuya a jikin iyaye, sa'an nan ta bayyana a ɗaya cikin huɗu na 'ya'yansu.

Wannan lissafi yana cikin gidajenmu. Idan miji mai jinin AS ne, matar ma AS, su biyu lafiyarsu lau, amma kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato amosanin jini, ko sikila. Kowane ciki na ce, ba kowane yaro na huɗu ba. Na sha binne irin waɗannan yara, na kuma ji dangin miji suna zargin uwar da maita. Wannan zunubi ne. Rabin gadon daga ɗansu ya fito. Ku tuna amsar da Yesu ya ba almajiransa game da mutumin da aka haifa makaho, a Yohanna sura 9: bai ɗora wa iyayen laifi ba.

A 2023 Ingila da Amurka sun amince da wani magani da ke gyara ƙwayoyin gado na mai sikila. Ikkilisiya ba ta ƙi warkar da majiyyaci ta wannan hanya ba. Abin da ta ƙi, a koyarwarta ta 2008, shi ne taɓa gadon 'ya'yan da ba a haifa ba. Sai dai kuɗin maganin ya haura dala miliyan 2. Wa ke da su a cikinmu?

Gwajin jini kuwa ba ya fin ƙarfin talaka. Saboda haka, samari da 'yan mata, ku yi shi tun kafin a kai gaisuwa, ba sai an sa rana ba. Wanda sakamakon ya tayar masa da hankali, ya zo mu zauna bayan Misa.