Ƙwanji da Guga: Ƙarfin Mutum Don Wa?

A Cadakori, cikin gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, ba a tambayar saurayi inda ya samo damtsensa. Hauya ce ta ba shi a gonar hatsi, ko igiyar guga a bakin rijiya, ko dakon buhunan gyaɗa ranar kasuwa. Amma a birane irin su Maraɗi da Yamai da Kano akwai ɗakunan motsa jiki inda mutum kan biya kuɗi domin ya ɗaga nauyin da ba wanda ke jiran a ɗaga. Samarin ƙauye suna ganin hotunan waɗannan ɗakuna a wayoyinsu, har wasu kan cika gwangwani biyu da siminti, su soka ƙarfe tsakani, su kwaikwaya. Ke nan tambayar ta iso ƙauye: ƙarfin da aka tara don kallo, shin daidai yake da wanda aka samu wurin aiki?

Ya kamata a fara duban na'urar da ta fi jan hankalin samari, wato ta gina ƙwanji. Ƙwanji tsoka ce mai kai biyu a gaban damtse, aikinta lanƙwasa gwiwar hannu da juya tafi sama. Na'urar tana da kujera da wani matashi mai gangara inda ake ɗora damatsa, sai mariƙi da aka haɗa da faifan ƙarfe. An ƙera ta ne domin ta hana baya da kafaɗa da ƙafafu taimakawa, ta bar tsoka ɗaya ita kaɗai da nauyi. A nan hikimarta take, a nan kuma abin tunani yake.

Asalin irin waɗannan na'urori ba na ado ba ne. A 1865 likita Gustav Zander ya buɗe wata cibiya a birnin Istokholm na ƙasar Suwidin, inda ya jera na'urorin da ya ƙera domin marasa lafiya da waɗanda zama ya raunana. Daga baya ne ciniki ya shigo. A 1970 Arthur Jones ya fito da na'urorin Nautilus a Amurka, suka bazu cikin ɗakunan motsa jiki na kuɗi. Shi kuwa bencin ƙwanji mai gangara, har yau ana danganta shi da Larry Scott, wanda ya lashe gasar Mr. Olympia ta farko a 1965, gasar da alƙalanta ke auna siffar jiki, ba abin da jikin ya aikata ba. Abin da ya fara a matsayin magani sai ya koma madubi.

Hausawa ma sun san nuna ƙarfi, shi ya sa suke cewa a gwada ƙwanji. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar kokowa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Yakuba Ango Kantu na Maraɗi ya zo na ɗaya, kuma filin kokowar Maraɗi yana ɗauke da sunansa. Sai dai ɗan kokowa ba ya kā da abokin karawa da damtse kaɗai. Yana bukatar ƙugu da ƙafa da numfashi da dabara, yana kuma shiga fili da sunan garinsu. In ya yi kaye, gari ne ya yi. In ya faɗi, gari ne zai rarrashe shi. Haka ma gayya: matasa su taru su nome gonar dattijon da ƙarfinsa ya ƙare. A duka biyun, ƙarfi bashi ne da mutum ke biyan jama'ar da ta ciyar da shi. Na'urar da ta ware tsoka daga sauran jiki tana iya ware mai ita daga sauran mutane, alhali hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Amma adalci ya hana a tsaya nan. Wanda ke yabon guga da taɓarya yana zaune a inuwa bai tambayi matar da ke janye ruwa tun asuba ba. Damtsenta ya fi na samari da yawa ƙwari, ba wanda ya taɓa yi mata kirari, kuma bayanta da wuyanta ne ke biyan farashin. Wahala ba motsa jiki ba ce. Motsa jiki yana da awo da hutu, wahala kuwa ba ta da su. Injin niƙa da famfon burtsatse alheri ne, ba lalaci ba. Haka nan malami ko ma'aikacin ofis da ke wuni bisa kujera, jikinsa na da haƙƙi a kansa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana shawartar baligi ya yi aƙalla minti 150 na matsakaicin motsa jiki a mako, ya kuma ƙarfafa tsokokinsa kwana biyu. Ga irin wannan mutum, da wanda ke farfaɗowa daga karaya, na'ura ta koma ga manufar Zander.

Ashe ke nan laifin ba na ƙarfe ba ne. Zamani ya kawo inji ɗaya ya karɓe aiki daga hannu, ya kawo wani ya sayar wa hannun da aiki. Kowanne yana da gurbinsa. Haɗarin yana ga niyya. Wanda ke neman ƙwanji domin idon mutane ba ya ƙoshi, gama ido ba shi da mudu. Daga nan ne wasu ke kaiwa ga ƙwayoyi da alluran kumbura tsoka, waɗanda ke illa ga hanta da zuciya. Wanda kuwa ke neman lafiya domin ya ɗauki nauyin iyali da maƙwabta, ya san inda zai tsaya.

Malaman makaranta da shugabannin ƙungiyoyin al'adu ba sa bukatar ƙwace gwangwanin siminti daga hannun yaro. Ya isa su tambaye shi, bayan ya ajiye, wa ya sauke wa kaya a yau. Idan tsohuwar gidansu ce ta ɗauko tulu yayin da yake ƙirga ɗagawa, to damtsen ya girma, mutumin bai girma ba tukuna.