Wanda Ya Rusa Gari a Cikin Gem, Akwai Alhaki a Kansa?



Mas'alarmu ta yau za ta yi wa wasu kama da wasa, kuma ba su yi kuskure ba, a kan wasa take. Akwai wani nau'in wasan bidiyo, wanda yara ke ce wa gem, da ake tseren motoci a cikinsa, sai dai kowace mota an ɗaura mata makami: mashinga a gaba, roka a kan rufi, nakiya a baya da ake zubar wa na bayanka a titi. Ana gudu ana harbin juna, duk abin da ke bakin hanya kuma yana iya rushewa. Tambayar ita ce, mutumin da ya shafe awa biyu yana rusa gari a fuskar talabijin, sannan ya kashe na'ura ya wanke hannu ya ci tuwonsa, ya aikata wani abin zargi ko bai aikata ba?

Bari mu ɗauki misali guda don kada mu yi ta magana a iska. A watan Fabrairun 2006 kamfanin Sega ya fitar da wani wasa mai suna Full Auto a na'urar Xbox 360. Wani kamfani ne a birnin Toronto na ƙasar Kanada, Pseudo Interactive, ya ƙera shi. Abin da suka tallata shi da shi shi ne kusan komai na cikin garin ana iya farfasa shi: shaguna, gidajen mai, fitilun titi, motocin da aka ajiye, tankokin mai. Ka harbi tanka ta kama da wuta, ta haɗa da abokin tserenka, a ba ka maki.

Mu fara da adalci, domin wa'azin da aka gina a kan ƙari ba ya daɗewa, yaro ma yana gane shi. Ba a zalunci kowa ba a wannan wasa. Shagon da ya ƙone ba shi da mai shi, babu marayan da aka bari, babu wanda zai zo gobe ya ce a biya shi diyya. Zalunci yana buƙatar wanda aka zalunta, a nan kuwa zane ne da lissafin kwamfuta. Haka nan masu cewa irin waɗannan wasanni suna mayar da yaro ɗan ta'adda, hujjarsu ba ta kai ƙarfin muryarsu ba. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke wata dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara wasannin tashin hankali, kuma daga cikin dalilanta har da cewa binciken da aka gabatar bai tabbatar da wasan ne ke jawo aika-aikar ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ita ma ta ce babu isasshiyar hujjar jingina ta'addancin mutane ga wasan bidiyo, duk da ta yarda akwai 'yar alaƙa tsakaninsa da zafin rai, irin su tsawa da ture-ture. To ka ga wanda ya ce wa ɗansa “wannan gem zai sa ka kashe mutum” ya faɗi abin da ba zai iya tsaida shi ba.

Kuma jin daɗin rusa abu ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Yaro yakan gina ɗakin ƙasa bayan ruwan sama, ya ɓata yini yana lallaɓa shi, sannan ya sa ƙafa ya rushe yana dariya. Babu mai hankalin da zai kira shi maɓarnaci.

Da a nan maganar ta ƙare da ban rubuta komai ba. Amma akwai wani labari daga Ingila da ya sa nake ganin ba ta ƙare ba.

A 1997 wani kamfani mai suna Stainless Games ya yi wasan Carmageddon. Shi ma tseren mota ne, sai dai akwai masu tafiya a ƙasa a cikin garin, kuma in ka take su ana ƙara maka lokaci da maki. Kai, ana iya cin wasan gaba ɗaya ba tare da an kammala tseren ba, in dai ka murƙushe duk mutanen da ke filin. Hukumar tace fina-finai ta Birtaniya ta ƙi ba shi izini a haka. Me kamfanin ya yi? Sai ya mayar da mutanen gawarwaki masu tafiya, jininsu ya koma kore. A Jamus kuma aka mayar da su mutum-mutumi masu zubar da baƙin mai. Aka sayar. Daga baya aka ɗaukaka ƙara a Birtaniya, aka dawo da jan jinin.

Tsaya ka yi tunani a kan wannan, ɗan uwa. Hannun mai wasa bai canza komai ba. Madannin da yake dannawa shi ne dai, motar ita ce, ƙarar ita ce. Launi kawai aka sauya. In da gaske “ai zane ne kawai” ya isa amsa, me ya sa aka yi ta shari'a a kan ja da kore? Kuma me ya sa masu wasan da yawa suka riƙa neman a dawo musu da jan? Domin kowa a zuciyarsa ya san abin da hoton ke wakilta yana cikin abin da ake jin daɗinsa. Wanda ya nace sai jinin ya zama ja, yana gaya maka da bakinsa cewa kamannin mutum ne ke ƙara masa armashi. A nan tambayar ta tashi daga “wa aka cutar?” ta koma “me zuciyata ke murna da shi?” Wannan ta biyun kuwa babu kotun da za ta amsa maka ita.

Shi ya sa a wurina wasannin nan ba ɗaya ba ne. Motoci masu makamai da suka shiga fili suna gwabzawa, kowa ya san abin da ya kawo shi, sun fi kusa da dambe ko kokawa. Wasan da ke biyan ka lada don ka take wanda ke tsallaka titi yana harkar gabansa, wannan wani abu ne daban, kuma ba zan so in gan shi a hannun yaro ba, ko na wa ne.

Yanzu mu koma Full Auto, domin abin da ya fi tsaya min a rai yana cikinsa. Suna da wata dabara da suka kira Unwreck. In ka yi karo, ko ka kauce hanya, ko aka tarwatsa motarka, sai ka danna madanni lokaci ya koma baya da 'yan daƙiƙoƙi. Gilashin da ya fashe ya haɗe, wutar ta koma cikin tanka, motarka ta miƙe kamar ba a yi ba. Ba su suka fara ba, wasan Prince of Persia na 2003 ya riga su da mayar da lokaci baya. Amma dubi yadda suka tsara nasu: wannan dama tana da ma'auni da ke ƙarewa, kuma da ɓarna ake cika shi. Iya abin da ka rusa, iya damar da kake da ita ta goge kuskurenka. Subhanallah. Wato dukiyar gari ita ce kuɗin da kake sayen afuwar kanka da shi.

Sannan ka tambayi duk wanda ya taɓa yin irin wannan wasa: yaushe yake danna madannin? Sai in shi abin ya shafa. Babu wanda ke mayar da lokaci baya don ya tayar da shagon da ya rusa. In shagon ya tashi, a kan hanyar ceton motarsa ne ya tashi, kuma daƙiƙa biyu bayan nan zai sake bi ta kansa. Wannan ita ce nadamar mai asara, irin ta ɓarawon da aka kama, wanda baƙin cikinsa kamun ne. Tuba kuwa, kamar yadda malamai suka sharɗanta ta, in akwai haƙƙin wani a ciki sai an mayar masa da abinsa ko an nemi yafiyarsa. Tana duban wanda aka ɓata wa. Madannin can yana duban wanda ya yi ɓarnar ne kaɗai.

Wani zai ce, Malam, ai yaro ya san bambancin gem da titi. Na yarda, ya sani, kuma ban ce zai fita ya banka wa gidan mai wuta ba. Tsorona ya fi haka ƙanƙanta, ya kuma fi haka kusa. Ɗabi'a da maimaici take shiga, ba da hujja ba. Wanda ya saba sau dubu da duniyar da kayan mutane ba su da masu su, kuskure kuma ana share shi da yatsa, ina jin tsoron ranar da zai goge motar wani a kasuwa abin da zai fara zuwa masa shi ne “ya zan fita?” kafin “wa na yi wa ɓarna?” Wannan fahimtata ce, ban ce nassi ba ne, ban kuma ce bincike ba ne.

Maganar cin lokaci da sallar da ake jinkirtawa don “bari in gama wannan zagayen” kowa ya san ta, ba sai na tsawaita ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ma a 2019 ta sanya kamuwa da wasan bidiyo cikin jerin cututtukanta, ga wanda abin ya fi ƙarfinsa har ya danne sauran al'amuran rayuwarsa.

Ga iyaye kuma, fizge na'ura da zagi ba ya hana komai, gidan gem na bayan layi yana nan a buɗe. Ka zauna kusa da shi minti goma ka ga wanne yake yi, ka duba a kan me wasan ke ba shi maki. In ya rusa wani gini, ka tambaye shi cikin raha, “Wannan shagon na waye?” Zai yi dariya ya ce ba na kowa ba ne, Baba. Ka ce to, da na wani ne fa, nawa za mu biya? Ku yi lissafin tare, bulo da kwano da kayan da ke ciki.